Injin Walda a Garejin Gida: A Ja Masa Layinsa Daban

Daga Maraɗi har Damagaram, matasa da dama da suka koyi walda sun mai da garejin gida wurin neman abinci. Madalla da haka. Abin da ke damunmu shi ne inda suke jona injin, wato soket ɗin da aka yi don fanka da rediyo.

Soket na ɗaki ampiya 16 yake ɗauka. Shi kuwa injin walda, musamman tsohon nan mai nauyi, yakan ja ampiya 30 ko fiye in ana haɗa ƙarfe mai kauri. Sai fitilu su dushe, na'urar katse wuta ta faɗi. A nan ne wasu ke dabarar da ke cinna wa gida gobara: su canza na'urar da babba, ko su ɗaure fis da zaren jan ƙarfe, alhali siririyar wayar tana cikin bango tana ɗaukar zafi. Ai na'urar waya take karewa, ba inji ba.

Shawararmu, a ja wa gareji layinsa tun daga akwatin rabon wuta, kada a rataya masa komai sai injin. Na'ura mai ampiya 32 tana son wayar jan ƙarfe lamba 6; in garejin da nisa, a sa lamba 10. Kada a yar da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ƙwararren mai gyaran wuta za a kira, bayan an tambayi NIGELEC ko mitar gidan za ta ɗauki lodin.