Furen Turawa Da Lallen Sakkwato

A Ingila akwai wani fure mai ƙanshi, ruwan ɗorawa, ana ce da shi dafodil. Kansa kamar albasa, amma guba ne. Akan binne shi cikin Oktoba, ya yi fure cikin Maris, bayan ya sha sanyi mai tsanani kamar mako 12. Hunturun Sakkwato bai kai haka ba, saboda haka wanda ya saye shi ya yi ɓarnar kuɗi.

Mu kuwa ga lalle, ba ya tsoron rana. A yanko reshensa da damina, a dasa a tukunya mai huji, cikin jigawa da taki. Furensa ya cika gida da ƙanshi, ganyensa mata su yi ƙunshi. Jama'a, kowa ya dasa.