Koyar da Yara Ma'anar “Harra” da Dutse Mai Aman Wuta

Ɗaliban Islamiyya sukan ci karo da kalmar “harra” a darasin Sira, inda ake siffanta Madina da cewa tana tsakanin harra biyu. Galibi akan fassara musu ita da “wuri mai duwatsu”, a wuce. Wannan fassara ta gaza, domin harra fili ne na baƙaƙen duwatsu waɗanda asalinsu narkakken dutse ne da ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa, ya malala, sannan ya sandare.

Sunan “dutse mai aman wuta” kansa yana iya rikita yaro, ya zaci itace ne ke ci a cikinsa. Abin da ke fitowa dutse ne da tsananin zafi ya narkar, tare da toka da hayaƙi. Misalin dalma a kan wutar maƙeri ya wadatar wajen kusanto da ma'anar.

Tarihin Madina ya tanadi misali. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256 Miladiyya, ƙasa ta yi ta girgiza kwanaki, sannan narkakken dutse ya ɓarke kudu maso gabashin birnin, ya tsaya kafin ya kai gare shi. Abu Shama ya rubuta labarin daga wasiƙun da suka iso Dimashƙa, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun danganta lamarin da hadisin wutar Hijaz.

Sai dai bai dace malami ya gaya wa yara cewa wutar Jahannama ce ke ɓullowa ba, domin babu nassi ingantacce a kan haka.