Daga Yamai zuwa Abzin: arewar da baƙi suka daina zuwa, 'yan ƙasa kuma ba su soma ba

A gidan tarihi na Boubou Hama da ke tsakiyar birnin Yamai akwai wani busasshen icce da aka killace a ƙarƙashin rumfa, wanda yawancin masu ziyara kan gitta shi su nufi wajen zakuna da dorina. Iccen Tenere ke nan. Ya daɗe a tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, babu wani icce kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa, kuma da shi ayarin gishiri ke gane hanya tsakanin Agadas da Bilma. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi, aka kwaso ragowarsa zuwa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Ga matasa da dama na babban birnin, iyakar abin da suka gani na arewacin ƙasarsu ke nan: wannan icce, da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, da maƙeran azurfa masu sayar da sarƙoƙin Agadas a harabar gidan. Sun fi sanin hanyar Kwatano da Lome da Kano. Wanda ya bi ta Agadas kuwa, galibi wucewa ya yi zuwa Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, bai tsaya kallon komai ba.

Daga Yamai zuwa Agadas tafiyar kusan kilomita 950 ce, ta Doso da Dogon Dutse da Birnin Ƙonni da Tawa da Abalak. Daga Tawa ake hawa titin da ake kira hanyar yuraniyom, wanda aka shimfiɗa domin fitar da ma'adinin Arlit. Duk wanda ya bi shi a shekarun nan ya san yadda ya lalace, har direbobi kan sauka daga kwalta su bi gefe cikin rairayi.

Garin da ba ya buƙatar tafinta

Abu na farko da kan ba Bahaushen kudu mamaki a Agadas shi ne harshe. Hausa ake yi a kasuwa da tasha da unguwanni, da irin nata karin, kafaɗa da kafaɗa da Tamajak, harshen Abzinawa. Ba sabon abu ba ne. Masarautar Abzin ta kafu tun ƙarni na 15, kuma fatauci ya ɗaure ta da Kano da Katsina da Damagaram: gishiri da dabino su gangaro kudu, hatsi da baƙin yadin Kura mai sheƙi su haura arewa. Rawanin da ake ganinsa a matsayin alamar Ba'abzine, a karofin ƙasar Kano aka daɗe ana rina mafi tsadarsa.

Hasumiyar babban masallacin garin, mai tsawon mita 27, da laka aka gina ta tun farkon ƙarni na 16, aka sake gininta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin, da unguwanninsa 11 da fadar Sarkin Abzin, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Har yau ana nuna gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850.

Da can wannan gari da baƙi yake ci. A shekarun 1980 tseren motoci na Paris-Dakar na ratsa shi, jirage na sauke 'yan yawon buɗe ido daga Turai, kamfanonin ja-gora irin na marigayi Mano Dayak na kai su Timia da Iferwan da Tenere. Direbobi da masu dafa abinci da masu raƙuma da maƙera duk suna samu. Sai tawayen 1990 zuwa 1995 ya zo, na 2007 zuwa 2009 ya biyo baya, aka soke tseren Dakar a 2008, sannan a watan Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan, kafin gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas, a watannin Janairu da Afrilun 2025, ya ƙara rufe ƙofar da dama ba ta gama buɗewa ba.

Asarar ba ta tsaya kan kuɗi ba. Ja-goran da ya san wace rijiya ke da ruwa a wane wata, da sunan kowane kwari, da inda zanen duwatsu yake, ilminsa a ka yake. In babu mai biyansa ya kai shi, babu yaron da zai bi shi ya koya.

Raƙuman dawan Dabus da wani suna daga Ostireliya

Tsakanin Agadas da Arlit, 'yan kilomita kaɗan daga titi, akwai wani dutse a wurin da ake kira Dabus. A jikinsa an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya kai mita 5.4, an fitar da kowane ɗigo na fatarsa. Masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000, tun lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. A kewayen akwai wasu zane-zanen fiye da 800. Makiyayan yankin sun san da su tun fil azal, amma sai a 1987 wani Bafaranshe mai bincike, Christian Dupuy, ya sa su a rubuce. A 1999 aka ɗauki siffarsu aka zuba kwafi da sanholo, aka ajiye ɗaya a filin jirgin saman Agadas. An kuma haƙa rijiya kusa da wurin domin mutanen yankin su zauna su tsare shi.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka yi wannan aiki ita ce gidauniyar Bradshaw, kuma sunanta daga ƙarshen duniya ya fito. Joseph Bradshaw Bature ne mai kiwo da ya ci karo da wasu zane-zanen duwatsu a yankin Kimberley na arewa maso yammacin Ostireliya a 1891, aka yi ta kiransu da sunansa. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, suna da nasu sunan: Gwion Gwion. Yau shi ne ya fi karɓuwa, bayan sun daɗe suna cewa kakanninsu ne suka yi zanen, ba wanda ya tsinta ba.

Arewacin Ostireliya na da kama da arewacin Nijar ta fuskoki da yawa: nisa daga babban birni, ƙarancin jama'a, zane a kan duwatsu, ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa. Har raƙuma akwai a tsakiyar ƙasar, jikokin waɗanda aka shigo da su daga Indiya da Afganistan a ƙarni na 19, da aka sake su suka koma na daji. Bambancin da ya cancanci a duba shi ne wanda ke da ta cewa kan ƙasar.

A 1976 majalisar Ostireliya ta yi dokar da ta mayar wa Aborijin mallakar filaye masu yawa a yankin Arewa. Saboda haka baƙon da ke son shiga Arnhem Land, yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, sai ya nemi takardar izni daga majalisar filaye da ke wakiltar masu ƙasar, ko da kuwa ɗan Ostireliya ne daga Sidni. Akwai wuraren da ba a shiga, akwai waɗanda ba a ɗaukar hoto, akwai garuruwan da ba a shiga da barasa. A dutsen Injalak da ke Gunbalanya, ba a hawa kallon zane sai da ja-gora ɗan garin, kuma shi ke yanke abin da zai faɗa da abin da zai bari. A gandun Kakadu da ke maƙwabtaka, wanda ya shiga jerin UNESCO a 1981, masu ƙasar ne ke da rinjaye a kwamitin gudanarwa, kuma gwamnati haya take biyansu. Can kudu da nan, a dutsen Uluru, an hana hawa baki ɗaya tun 26 ga Oktoban 2019, bayan shekaru ana roƙon baƙi su daina. 'Yan yawon buɗe ido ba su daina zuwa ba.

Yuraniyom a nan, yuraniyom a can

Kamar haɗin baki, manyan ma'adinan yuraniyom biyu sun rufe a shekara guda. A Janairun 2021 aka dakatar da aikin Ranger, wanda gandun Kakadu ya kewaye, a ƙasar dangin Mirarr. A ranar 31 ga Maris na wannan shekara aka rufe Cominak da ke Akokan kusa da Arlit, bayan fiye da shekaru 40 ana haƙa, aka bar tarin dusar ma'adini ta miliyoyin tan a fili.

Mirarr ba su iya hana Ranger ba, amma sun hana na biyu. A 1998, ƙarƙashin jagorancin Yvonne Margarula, dubban mutane suka tare hanyar Jabiluka tsawon watanni, aka kama fiye da 500, kuma ba a taɓa fitar da ma'adinin kasuwa ba. A 2024 gwamnati ta ƙi sabunta lasisin. A cikin wannan fili ne kogon Madjedbebe yake, inda wani bincike na 2017 ya nuna alamun zaman ɗan Adam na kimanin shekaru 65,000.

A Nijar, takaddamar da ta fi tashe ita ce ta tsakanin gwamnati da kamfanin Orano na Faransa: an ƙwace lasisin Imuraren a Yunin 2024, an mayar da Somaïr hannun ƙasa a Yunin 2025. Mutane da yawa a Yamai sun yi murna. Sai dai tambayar makiyayin da ke shayar da dabbobinsa a kwarin Irhazer daban take: wa zai tambaye shi kafin a kafa shinge a makiyayarsa? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga, amma zaɓaɓɓun jihar Agadas sun sha kokawa kan jinkirin biya. Mai son jin yadda mutanen Arlit ke kallon lamarin, ya nemi fim ɗin da Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin ma'adinin, ta fitar a 2016.

Kada a kai kwatancen inda bai kai ba. Aborijin mutane ne da baƙin haure daga Ingila suka ƙwace wa ƙasa tun 1788, har yau su ne suka fi cika gidajen yari idan aka kwatanta da yawansu, kuma a Oktoban 2023 masu zaɓe suka yi watsi da shawarar ba su murya a kundin tsarin mulki. A Mayun 2020 ma kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan Juukan masu shekaru 46,000 da nakiya, da iznin doka. Abzinawa kuwa 'yan ƙasa ne kamar kowa, Brigi Rafini ɗan Iferwan ya riƙe muƙamin firaminista daga 2011 zuwa 2021. Abin aro ɗaya ne kawai: a rubuta a doka cewa mai wuri shi ke ba da izni, shi ke ja-gora, kuma kuɗin a hannunsa yake fara sauka.

Abin da baƙo ya kamata ya sani

Ɗan Yamai ko ɗan ci-ranin da ya dawo hutu yana da damar da Bature ba shi da ita a yanzu, domin baƙi 'yan ƙasashen waje ba sa yin nisa sai da rakiyar sojoji. Duk da haka shiga tsaunukan Abzin ba abin yi ba ne da ka: sai an tuntuɓi hukumomi a Agadas, an samu ja-gora ɗan yanki, an ji halin da hanya take ciki a wannan mako. Gandun Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, yana cikin jerin wuraren UNESCO da ke cikin haɗari tun 1992.

Koyon al'ada kuwa daga suna yake farawa. Kalmar Buzu da ake yawan faɗa a kudu, asalinta bayi da barori take nufi, kuma da yawa ba sa jin daɗinta. Abzinawa ko Kel Tamajak ya fi. Namiji ba ya sauke amawalinsa a gaban manya, musamman surukai, don haka cewa ya buɗe fuska a ɗauki hoto cin fuska ne. Tanti na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, da shi take tafiya in an rabu. Mata ne ke goga anzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da UNESCO ta amince da shi a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, kuma masu iya shi sai raguwa suke yi. Ana shan shayi kofi uku, ba a gaggawa. Haruffan Tifinag da ake gani a jikin duwatsu, har yanzu akwai tsofaffin da ke karanta su.

Haka zancen yake a Ingal, inda ake bikin lasar gishiri da aka fi sani da Cure Salée a watan Satumba. Hotunan samarin Wodaɓe masu kwalliyar Gerewol sun zaga duniya a mujallu da kalandu, masu hoto sun yi suna sun yi kuɗi, waɗanda aka ɗauka kuwa ko kwafi ba su gani ba. Yanzu da kowa ke da waya a hannu, ɗan ƙasa ma kan yi abin da ake zargin Bature da shi: ya cusa kyamara a fuskar mutum ba sallama, ya sa a TikTok.

Matasan birni sun san kiɗan Bombino da Mdou Moctar da Etran de l'Aïr, wasu ma sai da suka ji Amurka na yabo suka waiwaya. Bombino kansa ya yi aikin ja-gora a Agadas kafin duniya ta san jitarsa. Ga wanda bai shirya shiga daji ba, bikin Biyanu a cikin garin Agadas ake yinsa, a watan Muharram, da ganguna da rawa da rawunna unguwa-unguwa, kuma motocin fasinja na tashi daga tashoshin Yamai tun da asuba.