Abin Da Shehu Ya Ƙi Karɓa A Magami

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da ku fatake da attajirai masu duba wannan shafi, kowannenku ya sani tun daga Ahalari da Ishmawi, ba a shiga salla sai an fuskanci alƙibla, an kuma ƙulla niyya. Wanda ya yi ta ruku'u da sujada ba da niyya ba, gwiwoyinsa kurum ya wahalar. Ba a banza Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da hadisin niyya ba. To abin mamaki, sai ka sami mutum yana kiyaye wannan sau biyar kowace rana, amma kadan ka tambaye shi me ya fito nema da karatun nan nasa, ko da jarin nan nasa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Fataken da sun san amsar wannan tambaya. Ayarin Gwanja yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu bisa jakuna, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya yi watanni kafin ya sauka Salga. Kowane zango da kasuwarsa da abin da ke jan ido, amma falken da ya ƙarar da hajarsa a tsakar hanya don ya ga araha, zai komo gida ba goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salga a 1892, ba su zauna suna kukan gari ba, suka bi goro zuwa Kintamfo da Kumasi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suna cikin masu ɗauko shi ta teku zuwa Ikko, daga nan jirgi ya hauro da shi. Hanya ta sake har sau biyu, abin nema yana nan yadda yake.

Amma inda aka fi gane mai maƙasudi shi ne ranar da aka miƙo masa abu mai kyau wanda ba shi ya fito nema ba. Wajen shekarar 1788, Gobir tana cikin ƙarfinta, Sarki Bawa Jangwarzo ya aika a tara masa malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla. Malamai suka hallara, sarki ya fito da dukiya mai yawa ya ba su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana cikin taron. Shekarunsa ba su wuce 35 ba, amma ya riga ya yi kimanin shekara 14 yana wa'azi, tun daga Degel har Kabi da Zamfara. Ƙanensa Malam Abdullahi yana wurin, ya kuwa ambaci lamarin cikin Tazyinul Waraƙati. Shehu ya miƙe gaban sarki, ya shaida masa shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyarsa, bukatarsu dabam ce.

Masu tarihi sun lissafa abin da ya roƙa guda biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah cikin ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda da su duka.

Ku dubi waɗannan biyar da idon basira. Babu gona a ciki, babu doki, babu sarauta. Lalle ne kuma ba a gaban sarki ya ƙirƙiro su ba, zama mutum ba ya tsara irin wannan roƙo cikin ƙiftawar ido, ga dogarai tsaye, ga dukiya a zube. Shekarun nan da ya yi yana kwana ƙauyuka su suka nuna masa abin da ke tare wa wa'azi hanya, da abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya. Ba kuwa ina zargin malaman da suka karɓa ba ne, karɓar kyautar sarki mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kowa kuma da nauyin iyalinsa. Sai dai wanda ya ci tuwon fada yau, gobe harshensa zai yi nauyi a fada, Shehu kuwa harshen nan shi ne jarinsa. Ku attajirai ku buga lissafin: dukiyar da ta ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, izinin kuwa ya ba shi shekaru yana karantarwa a sarari, jama'a tana ta ƙaruwa a Degel.

Fadar Gobir da kanta ta shaida tsadar abin da ta bayar. Da Nafata ya hau gado, sai ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma ga addinin iyayensa, maza su bar rawani, mata su bar lulluɓi. Watau abin da aka bayar a Magami shi aka zo karɓewa. Zamanin Yunfa al'amari ya tsananta, aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin shekarar nan, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Nasara ma tana da irin tata jarrabawar, wadda ta fi ta Magami wuya. Tun yaƙi bai ƙare ba Malam Abdullahi ya ga waɗansu daga cikin jama'a sun karkata ga ganima da mulki, sun mance abin da ya fito da su. Ransa ya ɓaci, wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake hukunci bisa Shari'a, kana ya komo.

Shehu kuwa, da ƙasa ta zo hannu, bai gina fada ya zauna ba. Ya sauka Sifawa, a 1812 ya damƙa wa ɗansa Muhammadu Bello sha'anin gabas, Malam Abdullahi kuma na yamma, shi ya koma kan buzunsa yana karantarwa yana wallafa, aikin da ya fara da shi yana ɗan shekara 20. A 1815 ya ƙaura Sakkwato, a can Allah ya karɓi ransa a 1817. Allah ya ƙara masa yarda, amin. Haza wassalam.