Tanadin Makamashin Tafasa Ruwan Sha a Lokacin Hunturu: Bayani ga Jama'ar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a arewacin Jihar Zamfara, buƙatar ruwan zafi takan ninka a kowane gida. Wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas ko a cikin garuruwan da turakunta suka kai, balle ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba. Jama'a ba za su manta da watan Oktoba na shekarar 2024 ba, lokacin da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Illar ɗaukewar wuta ba ta tsaya ga rashin haske ba. Da zarar ta ɗauke, rijiyoyin burtsatse masu aiki da lantarki sukan tsaya, sai jama'a su koma ga buɗaɗɗun rijiyoyi, da 'yan garuwa, da ramukan da ake tonawa a cikin yashin gulbin Gagare da na Bunsuru. Irin wannan ruwa ba a ba yaro shi sai an tafasa, tafasawa kuma ba ta yiwuwa sai da abin hura wuta a hannu.

Mun san da yawa na ɗaukar kwalara, wato amai da gudawa, a matsayin cutar damina, kuma gaskiya ne ta fi ɓarna a lokacin. A shekarar 2021 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Amma taifot da atini da gudawar ƙananan yara ba sa jiran damina. A rani ma, idan ruwa ya ja baya, mutane da dabbobi sukan haɗu a mashaya guda.

Nawa ake buƙata?

Kafin a zaɓi makamashi, ya kamata a san yawan ruwan da za a tafasa. Mutum ɗaya na buƙatar kimanin lita 3 na ruwan sha a rana, don haka jarka mai cin lita 25 za ta ishi gida mai mutum takwas. Ruwan sha kaɗai muke nufi. Ruwan wanka da na alwala ba sai ya tafasa ba, ɗumi ya wadatar, kuma a nan ne gidaje da dama ke ƙone tanadinsu ba tare da sun ankara ba.

Haka kuma ba a buƙatar barin tukunya tana ta ɓararraka. Idan ruwa ya tafasa sosai, yana tashi yana juyawa, minti ɗaya ya isa ya kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Duk abin da aka ƙara a kan wannan asarar wuta ce. Rufe tukunya da murfi ma na rage lokaci da makamashi ƙwarai.

A bisa lissafinmu, wanda kiyasi ne da zai iya hawa ko sauka gwargwadon murhu da ƙarfin iska, tafasa jarka guda kan ci busasshen itace kilo 4 zuwa 5 a murhun duwatsu uku, ko gawayi kilo ɗaya da 'yan kai a kurfoti, ko kananzir fiye da rabin lita kaɗan a risho, ko gas kamar sulusin kilo. Ke nan gida mai mutum takwas da ke son tanadin mako biyu zai nemi itace kilo 60 zuwa 70, ko gawayi kusan kilo 20, ko kananzir lita 8, ko tukunyar gas mai kilo 6 guda ɗaya a cike. Mun ɗauki mako biyu ne saboda abin da aka gani a baya. A shekarar 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar tsaro, wanda bai da ajiya a gida ya sha wuya, ko da yana da kuɗi a aljihu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Itace da kara

Tanadin itace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk maigidan da matarsa ta kusa haihuwa ya san ana tara itacen wankan jego tun kafin lokaci, kuma ba mai taɓa shi don dafa tuwo. Irin wannan tsari muke so a yi wa ruwan sha: a ware masa nasa kaso, a ajiye shi daban.

Itace mai nauyi, irin marke da ƙirya, ya fi daɗewa yana ci, ya fi kuma barin garwashi. Rassan dogon yaro da aka sassabe a cikin gari ma suna aiki idan sun bushe sosai. Ɗanyen itace kuwa yaudara ce, domin kaso mai yawa na zafinsa yana tafiya ne wajen ƙafe ruwan da ke jikinsa, sai hayaƙi ya cika gida tukunya ba ta motsa ba. Babban maƙiyin itacen ajiya shi ne gara, saboda haka a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa ko bangon laka, a riƙa duba shi lokaci-lokaci.

Sai dai dole mu faɗi abin da kowa ya sani. Shiga daji neman itace a yankunan Zurmi da Shinkafi da wasu sassan Ƙaura Namoda ya zama abin da ake sai da rai a kansa saboda 'yan bindiga, kuma galibi mata da yara da matasa ne ake aikawa. Makamashin da sai an aika yaro daji kafin a same shi bai cancanci a kira shi tanadin gaggawa ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke kira da a tara tun ana cikin kaka, daga abin da ke kusa da gida.

Abin da ke kusa da gida kuwa yana da yawa bayan girbi: karan dawa da na gero, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa a wuraren fadama, da kandilo inda ake kiwon shanu. Kara na kamawa nan da nan, yana ba da harshen wuta mai ƙarfi, wanda ya dace da tafasa ruwa, amma yana cinyewa da sauri, sai an tsaya a kansa ana turawa. Totuwa ta fi shi riƙe wuta, ta fi kuma sauƙin zubawa a buhu. Matsalar kara ita ce cin wuri da haɗarin gobara. Tarin kara a jikin danga ko kusa da rumbu, a tsakiyar hunturu, tartsatsi ɗaya yake jira.

Gawayi

A ganinmu, ga yawancin gidajen karkara, gawayi ne ya fi cancanta ya zama ginshiƙin wannan tanadi. Gara ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ba ya tsiyaya, kuma zafin da ke cikin kilo ɗaya nasa ya kusa ninka na kilo ɗaya na itace. Buhu guda da aka ɗora a kan katako cikin busasshen wuri zai kai wata shekara yana nan yadda yake. Wajen saye a zaɓi mai nauyi, mai manyan gutsattsari, wanda ke ƙara idan an ƙwanƙwasa shi. Na ƙirya ya yi suna a wannan fanni. A zazzage buhun a duba ƙasansa, domin wasu kan cika shi da gari da ƙasa su jera masu kyau a sama. Sabon gawayin da aka kwaso daga rami kuwa a baza shi ya sha iska na 'yan kwanaki kafin a ɗure shi, saboda yakan ɓoye wuta a cikinsa.

Ba mu manta da kuɗin da daji ke biya ba. Ta hanyar gargajiya, sai an ƙona itace kilo biyar ko fiye kafin a sami gawayi kilo ɗaya, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda saboda su aka kafa hukumar shirin dashen itatuwa ta ƙasa a shekarar 2015. Shi ya sa muke cewa a riƙe buhun gawayin a matsayin ajiyar ranar buƙata, girkin yau da kullum kuma a yi shi da kara da totuwa gwargwadon hali.

Gas, kananzir da fetur

Gas ya fi kowanne sauri da tsabta, kuma ba ya lalacewa a cikin tukunyarsa komai daɗewa. Wasu kan ji ana cewa gas ba ya fitowa a lokacin sanyi. Wannan magana ta ƙasashen Turai da Amurka ce, inda sanyi ke kaiwa ga daskarar da ruwa. Ɗarinmu, komai tsananinsa da asuba, bai kai nan ba. Abin da ke hana gas aiki a wurinmu shi ne iska mai kaɗa harshen wutar, da ƙurar da ke toshe ƙofofin kan murhun, sai kuma nisan wurin sake cikawa ga mutanen ƙauye. Wanda ya mallake shi ya ajiye tukunyar a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a ɗakin kwana ba. Ya duba shekarar da aka buga a jikinta, domin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15. Idan ana zargin tsiyaya, a shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar da jikin tiyo a ga ko zai yi kumfa. Ba a gwadawa da ashana.

Kananzir ya yi tsada tun bayan janye tallafinsa a shekarar 2016, har risho ya ɓace daga gidaje da yawa. Ga kuma haɗarin gauraye shi da fetur, wanda ya sha jawo fashewar risho da fitila a sassan ƙasar nan. Mai ajiye shi ya saya a gidan mai da ya amince da shi, kada kuma ya zuba shi a robar lemo ko ta ruwa, domin yara kan ɗauka abin sha ne.

Fetur ba makamashin tafasa ruwa ba ne, ba kuma abin kunna gawayi ba ne. Haka nan leda da tsohuwar taya da robobi, hayaƙinsu guba ne.

Inda za a hura wutar

A waje za a hura, ko a madafa mai buɗaɗɗiyar iska. Garwashin gawayi na fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Al'adar shigar da kasko ko kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Idan aka ga mutanen ɗaki guda sun kamu da waɗannan a lokaci ɗaya, a fitar da su waje nan take, a garzaya da su asibiti.

Tun da iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, a kafa murhu a gefen bangon da ke tare ta, ko a kewaye shi da 'yan bulo ko guntun kwano. Wannan ɗan kariya kaɗai na iya rage makamashin da ake ci sosai. A nisanci zana da bukka da rumbu, a ajiye bokitin yashi kusa, a hana yara zagaye tukunya. Da sassafe ko bayan la'asar, kafin iska ta tashi ko bayan ta lafa, ya fi dacewa a tafasa na yini gaba ɗaya a zama guda. In an gama, a binne garwashin da yashi ko a rufe shi da tsohuwar tukunya. Abin da ya rage zai sake amfani gobe.

Idan ruwan na da laka, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta kafin a ɗora. Bayan ya huce a zuba shi a jarka ko tulu mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayawa, domin moɗar da kowa ke tsomawa a randa tana iya mai da aikin baya. Akwai kuma abin da wuta ba ta iya yi: tafasawa ba ta fitar da dalma ko maganin feshi daga ruwa. Jiharmu ta ga bala'in gubar dalma a shekarar 2010, lokacin da yara kusan 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Saboda haka ruwan da ke kusa da wurin wanke ma'adinai, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, a ƙaurace musu gaba ɗaya.

Ga shugabannin al'umma

Muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi, musamman na sashen lafiya da duba-gari, su fara da wuraren da jama'a ke taruwa: ɗakunan shan magani da na haihuwa, makarantun kwana da na allo, da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, waɗanda suka baro rumbunansu da karansu a ƙauye. A irin waɗannan wurare tukunyar gas mai kilo 12.5 da buhun gawayi na ko-ta-kwana sun fi dacewa, tare da naɗa mutum ɗaya da zai riƙa lura da su yana rubuta abin da aka taɓa. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da limamai, su taimaka wajen sanar da jama'a tun farkon kaka, kafin a ƙone kara a gonaki. Ya kamata kuma kowace cibiyar lafiya ta ajiye maganin tsarkake ruwa mai sinadarin kulorin, irin su WaterGuard ko Aquatabs, domin ranar da makamashi ya yanke gaba ɗaya. A bi ƙa'idar da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha.