Uba Mai Usur, Bos na Aro: Abubuwan Mamaki a Finafinan Gwanayen Wasanni

Yau gidan kallo muka nufa, layin finafinan nan da ake buɗewa da rubutun cewa labarin ya faru da gaske. Ku karɓi rubutun hannu bibbiyu, amma kar wanda ya rantse a kansa.

Mu fara da Indiya, tunda mu da finafinansu tsohuwar zuma ce. A Dangal na 2016, tsohon ɗan kokawa a jihar Haryana ya ƙwallafa rai a kan ɗa namijin da zai ciyo wa ƙasa zinare, Allah ya ba shi mata huɗu reras; ranar da biyu suka lakaɗa wa wasu samari duka, sai ya sa aka datse musu gashi, ya fara tashinsu ƙarfe 5 na asuba. Wani uban haƙuri zai je bayarwa, shi fili ya share.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne inda mugun koci ya sa aka kulle uban a wani ɗaki ranar wasan ƙarshe, bai san 'yarsa ta ci ba sai da ya jiyo taken ƙasa. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2010 a Delhi kuwa, dattijon yana zaune daram cikin 'yan kallo, ba wanda ya taɓa ko gefen rigarsa. Wanda ya yi kuka ya je ya nemi canjinsa.

Shi ma wasan ƙarshen, a fim sai da aka kai daƙiƙun ƙarshe tana baya kafin ta ɗaga abokiyar karawarta sama ta maka da ƙasa. A littafin alƙalai 1 da 0 ne, sannan 7 da 0, 'yar Ostireliyar ko maki ɗaya ba ta sansana ba. Cin ya yi sauƙi, darakta ya ga ba zai sayu ba.

Kocin na gaskiya da ya ga yadda aka zana shi, sai da ya fito ya yi ƙorafi a bainar jama'a. Ka horar da yarinya ta ci zinare, tukuicinka a mai da kai bos.

Jarumin da ya fito a uban ya ƙara kusan kilo 30 don ya yi tumbin dattijo, kuma shi ya nemi a fara ɗaukar ɓangaren tsufan kafin na samartaka. Hujjarsa: in aka ƙare fim yana da teɓa, ba abin da zai ƙara tilasta masa ya sauke ta. Mutum ya san tsakaninsa da kwanon abinci.

Ƙarin abin mamaki, kuɗin da fim ɗin ya tara a ƙasar Sin sun fi wanda ya tara a Indiya kanta. Uba mai tsanani ba ya buƙatar tafinta.

Maganar teɓa, uban tafiyar shi ne Raging Bull na 1980, labarin wani ɗan damben New York mai zafin kishi. An dakatar da ɗaukar fim wata 4, jarumin ya bi gidajen abinci na Italiya da Faransa yana ci har ya ƙara kilo 27. Aiki ne fa, ana biyansa.

Ƙarar naushin da ke sa ka runtse ido a fim ɗin, kankana da tumatir aka riƙa fasawa a gaban makirufo. Jinin kuma ruwan cakulan ne, tunda hoton baƙi da fari ne. Kai kana jin tausayi, su suna haɗa kayan lambu.

Ana ba da labarin cewa da ɗan damben ya kalli kansa, ya juya ya tambayi tsohuwar matarsa ko da gaske haka halinsa yake, ita kuwa ta ce ai rage masa aka yi. Wanda bai shirya jin amsa ba, kar ya tambayi tsohuwar mata.

A Rush na 2013, direban tseren motoci ɗan Ostiriya ya ƙone a hatsari a Nürburgring ta Jamus ranar 1 ga Agustan 1976, har limamin coci ya zo ya yi masa addu'ar bankwana. Mako 6 bayan nan yana cikin mota a Monza ta Italiya, ya zo na huɗu, bandejin kansa sharkaf da jini. Nan kam ba ko ƙwayar gishiri da aka ƙara.

Tseren ƙarshe na shekarar a Japan aka yi shi cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bayan zagaye 2 ya ajiye motarsa ya ce ransa ya fi kofi, abokin hamayyarsa ɗan Ingila ya ɗauke kambun da ratar maki 1. Wanda wuta ba ta tsayar ba, ruwan sama ya tsayar.

Fim ɗin ya nuna su ba sa ga-maciji da juna, alhali abokai ne, har gida ɗaya sun taɓa zama a Landan lokacin da aljihu ke fayau. Gaba a kan titi, shayi a ɗaki.

Wannan cuta ta neman bos ko ta halin ƙaƙa ta fi muni a Cinderella Man na 2005, inda aka mai da zakaran damben duniya na 1935 mugu mai alfahari da kisa. Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne mai barkwanci, mutuwar wani abokin karawarsa a 1930 ta daɗe tana cin ransa, har ya tallafa wa iyalin mamacin da kuɗi. Matacce ba ya kai ƙara, sai ɗansa ne ya fito ya yi magana.

Shi kuwa gwarzon fim ɗin, talaucin shekarun 1930 ya mai da shi ɗan dako a tashar jiragen ruwa, har ya bi layin karɓar tallafin gwamnati. Da hannunsa ya buɗe, ya koma ofishin ya mayar da kuɗin cif. A nemo mana irinsa ko ɗaya ne, mu ɗauki hoto.

Cool Runnings na 1993 labarin 'yan Jamaika ne, ƙasar rana da rairayi, da suka je gasar zamiya a kan ƙanƙara a Calgary ta Kanada a 1988. Kifewar kekensu gaskiya ce, har hoton ainihi aka saka, amma ɗaukarsa a kafaɗa zuwa ƙarshen layi ana tafi ƙirƙira ce, turo shi aka yi. Kafaɗa ta fi kyau a hoto.

Turawan da aka nuna suna yi musu dariya ma, a gaskiya hannu biyu suka karɓe su, har wata tawaga ta ara musu keke. Ka yi alheri, a rubuta ka a layin mugaye.

Chariots of Fire na 1981 ya nuna ɗan tseren Sikotilan yana shirin hawa jirgin ruwa zuwa Olamfik ɗin Paris ta 1924 sannan ya ji cewa gudun mita 100 ya faɗo ranar Lahadi, shi kuma ba ya gudu ranar ibada. Watanni kafin nan ya sani, ya koma atisayen mita 400, ya kuma ci zinarensa a daƙiƙa 47.6. Mai shiri ba ya ba 'yan kallo faɗuwar gaba.

Ƙarshensa, da fim ya taɓa a layi ɗaya, ya fi tseren nauyi: a ƙasar Sin aka haife shi, can ya koma aikin mishan, can ya rasu a sansanin tsare mutane na sojojin Japan a 1945. Wannan shi kaɗai fim ne guda.

Wani gwarzon gudu na Indiya da ya zo na huɗu a mita 400 a Roma a 1960 ya sayar da labarin rayuwarsa kan rufi 1 tak, takardar kuɗin ma bugun 1958 ce, shekarar da ya ci zinare a Cardiff. Fim ɗin da ya fito a 2013 ya haura awa 3, gudun kuwa bai kai daƙiƙa 46 ba. Sauran lokacin waƙa da rawa suka raba.

A gasar kurket ta duniya ta 1983, kyaftin ɗin Indiya ya buga maki 175 shi kaɗai a kan Zimbabuwe, ba kyamarar talabijin ko ɗaya da ta ɗauka. Saboda haka mafi yawan Indiyawa a fim ɗin 83 na 2021 suka fara ganin wasan, bayan shekara 38. Kwaikwayo ya zama shi ne shaida.

Cikin fim ɗin, wani ɗan wasa ɗansa na cikinsa ne ya fito a matsayinsa, wani kuma shi ya fito a matsayin mahaifinsa, matar kyaftin kuwa matar jarumin ce ta gida. Kuɗin aiki bai bar dangi ba.

Suwidin ma sun yi irinta a fim ɗin 2017 kan wasan ƙarshe na Wimbledon na 1980: ɗan zakaran nasu ne ya fito a mahaifinsa yana yaro mai jifa da raket in ya fusata. Ba sai an koya masa tafiyar baba ba.

Wani uba da ya yi zama a Compton ta Kalifoniya ya rubuta tsari mai shafi 78 na yadda 'ya'yansa mata za su mamaye tanis, tun ba a haife su ba. Suka taso, ƙanwa ta ci manyan kofuna 23, yaya ta ci 7, da aka zo yin fim a 2021 sai aka sa masa sunan uban, har da naɗa masa sarauta. 'Ya'ya da kofi, baba da suna.

Sau 31 yaya da ƙanwar suka kara da juna a fagen ƙwararru, ƙanwa ta ci 19, amma fim ɗin ya tsaya tun yayar tana shekara 14, a wasan da aka doke ta. Rigimar cikin gida ba a kai ta kasuwa.

Jarumin da ya fito a uban ya ci Oscar a 2022, a daren da ya hau dandamali ya sharara wa wani mai barkwanci mari duniya na kallo. Fim na tanis, hannu na dambe.

Wani lokacin kuma gaskiyar ce ke fin ƙarfin fim. The Iron Claw na 2023 labarin gidan 'yan kokawa ne a Texas, 'ya'ya maza 6, biyar suka riga mahaifinsu mutuwa. Darakta ya cire autan gaba ɗaya daga labarin don yana ganin 'yan kallo ba za su iya ɗaukar wata jana'izar ba. Nan ragewa aka yi, ba ƙari ba.

A The Fighter na 2010 uwar ɗan damben ce manaja, wansa ne koci, ga 'yan'uwa mata 7 jere a kan kujera suna jiran budurwar ɗan damben ta yi kuskure. Naushin cikin fili hutu ne a wurinsa.

Jirgin saman fasinja da ya yi ƙasa-ƙasa a kan filin wasa na Johannesburg a Invictus na 2009, wanda kowa ke ɗauka ƙarya ce, da gaske ya wuce ranar wasan ƙarshe na zari-ruga a 1995. Abin da fim ya tsallake shi ne ciwon cikin da ya kwantar da 'yan Niyu Zilan da yawa kafin wasan, wanda suka faɗi 15 da 12. Gudawa ba ta shiga labarin haɗin kan ƙasa.

Yarinyar Queen of Katwe na 2016, mai tallar masara a wata unguwar talakawa ta Kampala, ba son ches ya kai ta wurin koyon darar Turawan ba, kofin kunu ake rabawa. Ta je don ciki, ta dawo tana wakiltar Yuganda.

Wasu gwanayen ba su yarda da wakili ba: baƙar fatan da ya fasa shingen wariya a besbol ɗin Amurka ya fito a kansa a fim ɗin 1950, shahararren zakaran damben nan mai baki ma haka ya yi a 1977. Wa zai yabe ka kamar kai?

Damben da zakaran ya yi a Kinshasa a 1974 wajen ƙarfe 4 na asuba aka fara shi don ya dace da daren masu kallo a Amurka, fim ɗin 2001 da aka yi a kansa kuma a Maputo ta Mozambik ya ɗauki nasa Kinshasan. Ba lokacin na masu gari ba, ba garin nasu ba.

Battle of the Sexes na 2017 bai buƙaci ƙari ba: a Houston a 1973 namiji ɗan shekara 55 ya ƙalubalanci mace 'yar 29 a tanis, ya ba ta ƙatuwar alawa, ita ta ba shi ɗan alade, sannan ta doke shi 6-4, 6-3, 6-3.

Sai wata babbar hukumar ƙwallo da ta zuba miliyoyin daloli aka yi fim ɗin tarihin shugabanninta, United Passions. Da aka sake shi a Amurka a 2015, dala 918 ya tara a sinima 10 a ƙarshen makon farko. Ko kuɗin gugguru bai fito ba.

Masu shirya fim na gida, ga fili ga mai doki: jihohi 8 na Nijar na haɗuwa neman takobin kokawa, ga damben gargajiya da kirarinsa da makaɗansa, ga uwayen da suka hana da uban da ya ce sai an yi. Duk wanda ke da tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa a unguwarsu, ya ɗauki waya ya je ya naɗi labarinsa tun yana da ƙarfin ba da shi.