Daga ina allurar da aka yi maka ta fito?

Ɗaga hannun rigarka ka duba damtsenka na hagu. Da yawanku a Narayi za su ga ɗan tabo a wurin, alamar allurar BCG ce da ake yi wa jarirai don kare su daga tarin fuka. Ruwan da ke cikin wannan allura daga ƙetare aka kawo shi, haka ma na kyanda da shan inna da mashaƙo. Afirka ba ta haɗa abin da ya wuce kashi 1 cikin 100 na riga-kafin da take amfani da shi.

Da ba haka abin yake ba. Daga 1940 zuwa 1991 akwai ɗakin haɗa riga-kafi na gwamnatin tarayya a Yaba, Legas, inda ake yin na agana da shawara da na cizon mahaukacin kare, har a kai wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara, kuma bai sake buɗewa ba. Abin mamaki, dabbobinmu sun fi mu sa'a: cibiyar Vom da ke Filato, wadda aka kafa a 1924, har yau tana haɗa wa shanu da kaji nasu.

Lokacin korona aka ji jiki. Kashin farko da ya iso Abuja a Maris 2021, kusan miliyan 4, kamfanin Serum na Indiya ne ya yi shi. Da cutar ta tsananta a can, Indiya ta dakatar da fitarwa, ƙasashe irin namu suka zuba ido. Waɗanda aka samu kyauta daga baya wasunsu sun zo wa'adinsu na dab da ƙarewa, har a Disamba aka lalata sama da miliyan 1 a Abuja.

Yanzu Tarayyar Afirka na son nahiyar ta riƙa haɗa kashi 60 cikin 100 nan da 2040, ƙungiyar Gavi kuma ta ware kimanin dala biliyan 1 a 2024 don tallafa wa masana'antu. A nan gida akwai Biovaccines, haɗin gwiwar gwamnati da May & Baker, wanda aka daɗe ana jiran ganin ƙoƙarinsa. Cibiyar Pasteur ta Dakar kuwa tun shekarun 1930 take yin na shawara.

Gina masana'antar ba shi ne mai wuya ba, a ganina. Yawancin riga-kafi sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma kowa a Narayi ya san halin wutarmu. Sannan kowane zubi sai an gwada tsabtarsa da ƙarfinsa kafin NAFDAC ta amince. Masu wannan aiki daga darasin bayoloji da kemistiri suke farawa, su wuce karatun haɗa magunguna ko na ƙananan halittu, waɗanda ake koyarwa a ABU Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna.